My School DC da ƙuri'ar makarantun Sifaniyanci: tsarin ba ya ha'inci, kujerun ne ba su isa ba

A birnin Washington DC, wanda yake son ɗansa ya yi firamare a makarantar gwamnati mai koyarwa da Sifaniyanci da Ingilishi a tare, kusan ƙofa ɗaya gare shi, wato My School DC. Shafi ne na intanet da hukumomin birnin suka kafa, ya fara raba guraben karatu a 2014, kuma ya haɗe makarantun da hukumar ilimin birnin, DCPS, take gudanarwa da kanta da mafi yawan makarantun cata, waɗanda gwamnati ce ke biyan kuɗinsu amma ƙungiyoyi masu zaman kansu ke tafiyar da su. Kafin zuwansa kowace makarantar cata da nata fom ɗin da nata ranar ƙuri'ar, har iyali ɗaya su riƙe gurbi a wuri uku alhali wasu ba su da ko ɗaya. Wannan ruɗanin dai ya kau. Fom ɗaya ne yanzu, kyauta, kuma yaro ɗaya gurbi ɗaya.

Ana buɗe fom wajen tsakiyar Disamba. Masu neman ajin 'yan shekara uku, wanda ake kira PK3, har zuwa aji takwas, wa'adinsu yana cika a farkon Maris. Sakamako yana fita a ƙarshen Maris, sannan wanda ya samu gurbi yana da zuwa farkon Mayu ya kai takardu ya yi rajista. Dole yaro ya cika shekara uku kafin ko a ranar 30 ga Satumba kafin a karɓe shi a PK3, haka ma shekara huɗu ga PK4 da shekara biyar ga kindagatin. Wanda aka haifa ran 1 ga Oktoba sai dai ya jira baɗi, ba roƙo ba alfarma. Cike fom da wuri ba ya ƙara wa mutum komai. Wanda ya tura a daren farko da wanda ya tura a daren ƙarshe duk ɗaya ne, muddin ba a wuce wa'adi ba.

Inda tsarin ya fi cancantar yabo shi ne yadda yake rabon. Iyaye suna jera makarantu har 12 bisa yadda suka fi so. Kwamfuta tana bai wa kowane yaro lamba ɗaya ta ƙuri'a, kuma wannan lambar ce zai tafi da ita duk makarantun da ya zaɓa. Daga nan sai a tura kowa zaɓinsa na farko. Makaranta ta riƙe waɗanda suka fi cancanta bisa fifiko (kamar samun ɗan'uwa a makarantar ko zama a unguwarta) da lamba, gwargwadon kujerunta, amma riƙon wucin gadi ne. Waɗanda ba su shiga ba su gangara zaɓinsu na biyu, kuma idan a can sun fi wani da aka riƙe tun farko, sai su ture shi, shi ma ya gangara nasa na gaba. Haka ake ta yi har ƙura ta lafa. Tushen wannan lissafi aikin David Gale da Lloyd Shapley ne na 1962, kuma a kan irinsa ne Shapley da Alvin Roth suka samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2012. Amfaninsa ga uwar yara mai cike fom a waya shi ne babu riba a yin dabara. Sa makaranta mai wuyar samu a lamba ɗaya ba ya rage maka dama a wadda ka sa a lamba bakwai, domin makarantar ta bakwai ba ta duba inda ka ajiye ta. Fifikonka da lambarka kawai take gani.

Duk da haka kowace shekara ana samun masu yi wa kansu illa da wayo. Sukan ce tunda fitacciyar makaranta irin Oyster-Adams da wuya, bari su sa wata mai sauƙi a sama don kada su tashi a tutar babu. Abin da ke biyo baya shi ne, da zarar an ba yaro gurbi a wata makaranta, duk waɗanda ke ƙasa da ita a jerin sun faɗi, ba ya ma shiga layin jiransu. Layin jira na makarantun da ka ɗora sama da wadda ka samu ne kaɗai. A ce ka jera Mundo Verde, LAMB, DC Bilingual, Powell, sannan Bancroft, aka ba ka Powell: kana layin jira a ukun farko, Bancroft kuwa ta fita daga lissafi. Idan a zuciyarka Bancroft ta fi Powell, kai ka cuci kanka. Shafin yana faɗin wannan ƙa'ida ƙarara, amma mutane sun saba da tsarin da sai an yi masa zagaye, shi ya sa ba sa yarda da sauƙin abin.

Lamba ɗaya ga dukkan makarantu tana da nata zafin, kuma wannan ne abin da ya fi ba iyaye mamaki ranar sakamako. Mutum yakan ɗauka jera makarantu 12 tamkar jefa ƙuri'a sau 12 ne. Ba haka ba ne. Idan lambarka ta yi kyau, ta yi kyau a ko'ina. Idan ta lalace, ta lalace a ko'ina, sai ka buɗe shafin ka ga kana can ƙasa a dukkan makarantun Sifaniyancin da ka zaɓa. Saboda haka cika gurabe 12 da makarantun da kowa ke rububi ba ya ƙara komai. Mai hankali yakan bar uku ko huɗu na ƙasa ga makarantun da alƙaluman shekarun baya suka nuna suna cinye layinsu, ciki har da makarantar unguwarsa, ko da ba ta Sifaniyanci ba ce.

Sai maganar fifiko, wadda ita ce ke cin kujerun tun kafin lamba ta yi magana. Hausawa na cewa in kana sammako, wani a tafe ya kwana. Yaron da yayansa ke makarantar yana gabanka komai kyan lambarka. A makarantun DCPS mazauna cikin iyakar unguwar makarantar suna gaban 'yan waje. A makarantun cata babu fifikon unguwa, amma akwai na 'yan'uwa, kuma da yawa suna ba 'ya'yan ma'aikatansu. Tun daga 2022 wasu makarantu sun ƙara fifiko ga yaran da ke cikin mawuyacin hali, wato marasa matsuguni, da waɗanda ke hannun riƙon hukuma, da 'ya'yan iyalan da ke karɓar tallafin gwamnati na abinci (SNAP) ko na kuɗi (TANF). Ba kowace makaranta ce ta ɗauki wannan ba, kuma tsarin jera fifikon ya bambanta daga wuri zuwa wuri, don haka sai an buɗe bayanin kowace makaranta an karanta. Lissafin a aikace ga yadda yake: a ce makaranta ta buɗe kujera 45 a PK3, ƙannen ɗalibanta suka ɗauke 25, 'ya'yan ma'aikata uku, aka ware wasu ga masu rauni. Abin da ya rage wa ɗaruruwan da ba su da kowa a ciki bai wuce goma da 'yan kai ba. Wannan misali ne kawai, amma siffar abin ke nan a makarantun da suka yi suna.

Makarantun kansu kashi biyu ne, kuma bambancin yana da muhimmanci ga iyalin da Hausa ake yi a gidansu. A ɓangaren DCPS akwai Oyster-Adams a Woodley Park, wadda ta fara koyarwa da harshe biyu tun 1971, ita ce uwa a wannan harka, kuma daga PK4 take farawa, ba ta da PK3. Akwai Bancroft a Mount Pleasant, Marie Reed a Adams Morgan, Powell a Petworth, Bruce-Monroe a Park View, Cleveland a Shaw, Shirley Chisholm wadda a da ake kira Tyler a Capitol Hill, da Houston a gabashin kogin Anacostia. Waɗannan suna so aji ya haɗa masu jin Sifaniyanci daga gida da marasa ji, domin yara su koyi da juna, shi ya sa fom ke tambaya wane harshe ya fi ƙarfi a bakin yaro, kuma aka raba layin gida biyu. Layin masu Sifaniyanci yakan fi gajarta. Wannan ya sa wasu iyaye ke jarabtuwa su ce ɗansu na cikinsu saboda mai renonsa 'yar El Salvador ce ko yana kallon katun da harshen. Makaranta tana gwada yaron kafin ta tabbatar da rajista, kuma idan bai kai ba, kujerar ta tafi. Yaron da Hausa ko Zarma ko Faransanci ne harshensa na gida yana layin marasa Sifaniyanci ne, tare da 'ya'yan Amurkawa masu Ingilishi, ko da shi kansa Ingilishin bai zauna masa ba. A ganina wannan giɓi ne a tsarin: yaro mai harshe biyu tun daga gida ba shi da wani matsayi na daban, ya faɗa layin da ya fi tsawo.

Wani tarko kuma shi ne, ba kowace makarantar DCPS ce gaba ɗayanta ke harshe biyu ba. A Marie Reed, alal misali, akwai sashen Sifaniyanci akwai sashen Ingilishi zalla a gini ɗaya, kuma a fom kowanne zaɓi ne mai zaman kansa. Wanda bai lura ba sai ya danna sunan makarantar ya wuce, ya samu gurbi, ya yi murna, sai ranar rajista ya gane ɗansa ajin Ingilishi aka ba shi.

Makarantun cata kuwa doka ba ta ba su damar gwada yaro a kan harshe kafin su ɗauke shi ba, don haka layi ɗaya ne ga kowa. Fitattu a cikinsu su ne Elsie Whitlow Stokes da aka kafa a 1998, LAMB mai bin tsarin Montessori, DC Bilingual kusa da Fort Totten, da Mundo Verde da ta buɗe a 2011 kuma yanzu tana da harabobi biyu. Kowace haraba zaɓi ce daban a fom, da nata layin. Stokes tana da sashen Sifaniyanci da na Faransanci, a Brookland da kuma East End, abin da ya kamata iyalan Nijar da Kamaru da Chadi su sa wa ido, domin yaron da iyayensa ke iya duba masa aikin gida da Faransanci ya fi samun tallafi fiye da wanda babu mai jin harshen makarantarsa a gida. Yawan Sifaniyancin da ake yi ma ba ɗaya ba ne. Oyster-Adams rabi da rabi take yi. Mundo Verde tana nutsar da ƙananan azuzuwa cikin Sifaniyanci kusan wuni guda, sannan daga aji ɗaya a koma rabi da rabi. Shafin My School DC ba ya zurfafa bayani a kan irin wannan bambanci, sai an je makarantar ranar da ta buɗe ƙofa ga iyaye, ko an halarci baje kolin EdFEST da ake yi a Disamba, an tambayi malamai baki da baki.

Lokacin shiga shi ne komai. Mafi yawan kujeru a PK3 suke buɗewa, sai kaɗan a PK4 da kindagatin idan an ƙara aji ko wasu sun tashi. Daga aji ɗaya zuwa sama sai abin da ya faɗo, kuma wasu makarantun ba sa son ɗaukar yaron da bai taɓa jin harshen ba a manyan azuzuwa, saboda zai zauna rabin wuni bai san me ake cewa ba. Iyalin da suka ce bari yaro ya ƙara wayo a gida sai ya kai biyar, sun bar babbar damar ta wuce. Sai dai akwai sauƙi ɗaya: daga kindagatin zuwa sama, duk yaron da ke zaune cikin iyakar wata makarantar DCPS yana da haƙƙin shiga ba tare da ƙuri'a ba. Wanda ke cikin iyakar Bancroft ko Oyster-Adams, gurbinsa na nan. A PK3 da PK4 ne babu wannan haƙƙi, ɗan unguwa ma sai ya shiga ƙuri'a, fifiko kawai yake da shi. Illar ita ce gidajen waɗannan unguwanni tsada gare su, wato mai kuɗi yana iya sayen abin da talaka ke jiran sa'a a kai. Gundumomi na 7 da 8, gabashin kogin, inda mafi yawan mazauna baƙar fata ne masu ƙaramin ƙarfi, su ne suka fi ƙarancin irin waɗannan makarantu.

Layin jira shi ne sashen da ya fi cin rai, kuma nan ne tsarin ke da kyau da muni a haɗe. Kyansa shi ne a fili yake: ka shiga shafinka ka ga lambarka a kowace makaranta, kuma tana sauyawa yayin da ake kiran mutane. Muninsa shi ne lambar tana iya komawa baya. Kana na 14 yau, gobe ka ga 16. Ba maguɗi ba ne. Wani ne ya samu sabon fifiko: an ɗauki yayarsa a aji biyu, nan take ƙanin ya zama ɗan'uwan wadda aka ba gurbi ya tsallake ka, ko wani iyali sun tare a cikin iyakar makarantar. Wanda ya cike fom bayan wa'adi yana shiga bayan waɗanda suka yi ƙuri'a ne, amma a cikin rukuninsa na fifiko, don haka ɗan unguwa da ya makara yana iya zama gaban ɗan waje da ya cike tun Disamba. Shafin yana bayanin wannan, sai dai ba ya gaya maka dalilin tsallake ka a ranar da abin ya faru, ka dai ga lamba ta canza.

Abin da ya fi kowane amfani a shafin, kuma mutane da yawa ba sa buɗe shi, shi ne alƙaluman shekarun da suka wuce. Ga kowace makaranta da kowane aji ana nuna kujeru nawa aka buɗe, mutum nawa suka shiga layi, da tayi nawa aka yi zuwa Yuni, zuwa Agusta, zuwa Oktoba. Da wannan ne ake fassara lamba. Zama na 30 a makarantar da ta saba kiran mutum 60 kafin Oktoba albishir ne. Zama na 8 a ajin da shekara uku a jere bai kira fiye da biyu ba, a nemi wani wuri. Layi yakan motsa sau uku: bayan wa'adin rajista na Mayu idan wasu ba su zo ba, a ƙarshen Agusta da aka buɗe makarantu aka ga kujerun da babu kowa, da kuma makonnin kafin 5 ga Oktoba, ranar da birnin ke ƙirga ɗalibai don rabon kuɗi bisa yawan kawuna. Bayan wannan rana makarantu ba su da wani kwaɗayin cike gurbi, motsi yakan yi sanyi sosai. Idan tayi ya zo, kwanaki kaɗan ake bayarwa a amsa, kuma ta imel da waya yake zuwa. Iyalin da suka tafi hutun bazara Kano ko Damagaram suka bar layin Amurka a kashe, suna iya dawowa su tarar an ba na bayansu. A sa imel ɗin da ake dubawa kullum, a kuma leƙa shafin ko daga ina.

Wanda ya samu gurbin da bai gamsu da shi ba, ya yi rajista a can tukuna. Hakan ba ya fitar da shi daga layin makarantun da ya ɗora a sama. Barin wa'adin Mayu ya wuce da fatan za a kira shi wani wuri shi ne babban kuskure. Haka kuma yaron da ya riga ya shiga wata makaranta yana iya sake gwada ƙuri'a baɗi da sabuwar lamba ba tare da ya rasa kujerarsa ba, sai ranar da ya yi rajista a sabuwar.

Rajista tana buƙatar shaidar zama a cikin DC, kuma a nan ne da yawa daga mutanenmu ke fita daga lissafi, domin 'yan Najeriya da sauran 'yan Afirka ta Yamma na yankin sun fi yawa a jihar Maryland mai maƙwabtaka, musamman gundumomin Prince George's da Montgomery. Ana karɓar abubuwa irin su takardar albashi mai nuna ana cire harajin DC, ko haɗin biyu daga cikin lasisin tuƙi na DC, rajistar mota, yarjejeniyar haya da rasidinta, da takardar wuta ko ruwa da shaidar biya. Aron adireshin ɗan'uwa ba ƙaramin haɗari ba ne: hukumar OSSE mai sa ido kan harkar ilimi a birnin tana bincike, ana korar yaro, a bi iyaye kuɗin makarantar shekarun da ya yi, kuma babban lauyan birnin ya sha kai irin waɗannan iyaye kotu. Mazauna Maryland da Virginia suna da nasu tsarin daban. Montgomery tana da Sifaniyanci a Rock Creek Forest, Arlington ta Virginia tana da Escuela Key da Claremont, Prince George's tana da César Chávez, kowace da nata fom da nata wa'adi, ba ruwansu da My School DC.

Abu biyu ne fom ba ya tunatar da kai, kuma su ne ke sa iyali su ajiye gurbin da suka sha wuyar samu. Na farko sufuri: DC ba ta da motar makaranta ga yawancin yara, sai masu buƙata ta musamman. Akwai katin Kids Ride Free na shiga bas da jirgin ƙasa kyauta, amma daga shekara biyar yake farawa, kuma ɗan shekara uku dole babba ya raka shi safe da yamma. Kafin a sa makaranta a jeri, a gwada hanyar da ƙarfe takwas na safe ranar aiki, ba ranar Lahadi ba. Na biyu, ana tashi wajen ƙarfe uku da 'yan mintuna, kuma zaman yara bayan tashi a makarantu da yawa na kuɗi ne, wani lokaci shi ma da nasa layin.

A duba gaba kuma. Ɗaliban Stokes, LAMB, DC Bilingual, Mundo Verde da Washington Yu Ying mai koyar da Sinanci suna da hanyar wucewa DC International School, wadda ta buɗe a 2014 kuma take tsohon filin asibitin sojoji na Walter Reed, daga aji shida zuwa goma sha biyu. Amma da makarantun suka faɗaɗa suka ƙara harabobi, yaran da ke fitowa sun fara fin kujerun da aka ware musu yawa, don haka kada a ɗauki wucewar a matsayin tabbas. A tambayi makarantar kai tsaye kujera nawa take da su a can. A ɓangaren DCPS, MacFarland da Columbia Heights Education Campus ne ke ci gaba da harshe biyu, Oyster-Adams kuma tana riƙe nata har aji takwas.

Ko wahalar ta cancanta? Binciken da cibiyar RAND ta yi a Portland ta jihar Oregon, wanda aka buga a 2017, ya yi amfani da irin wannan ƙuri'ar wajen kwatanta waɗanda suka ci da waɗanda suka faɗi, ya kuma gano cewa yaran harshe biyu sun zarce a karatun Ingilishi da kimanin wata bakwai a aji biyar da wata tara a aji takwas, ba tare da wani bambanci a lissafi da kimiyya ba. Tsoron cewa Sifaniyanci zai danne Ingilishin yaro bai da tushe mai ƙarfi. Abin da ya fi dacewa iyayen Hausawa su auna shi ne nauyin: Hausa a gida, Larabci a Islamiyya ranar Asabar da Lahadi, Ingilishi da Sifaniyanci a makaranta. Yara suna iya ɗauka, amma wanda yakan fara zubewa shi ne harshen da ba a yi masa jarrabawa, wato na gida, sai idan iyaye sun dage da yin sa.

A matsayin hidima, My School DC ta yi abin da aka kafa ta dominsa: fom ɗin ba ya cin rabin awa idan an riga an yanke shawarar jerin, akwai layin waya mai taimako da masu fassara, ƙa'idojin a rubuce suke, kuma babu wanda zai ce a ga wani a ba shi wani abu. Inda ta gaza shi ne wajen faɗakar da sabon shiga cewa lambarsa ɗaya ce tak, da ɓoye alƙaluman baya a wani lungu na shafin maimakon a ɗora su kusa da sunan kowace makaranta lokacin da ake jerawa.